Bular da na zuba wa kifayen Malam

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar maigidana, wanda duk Gumel ta sani da Malam Mai Kifi, ko da yake bai taɓa sayar wa kowa ko ƙaya ba. Ban kira sunansa yana raye ba, ba kuma a jarida zan fara ba. Duk shekara 'ya'yanmu sai sun ce in rubuta wani abu a kansa, ni kuma in ce ina zuwa. Bana idona ya fara gajiya da karatu, na ga gara in sauke abin da ke wuyana tun ina iya riƙe alƙalami.

Malamin kimiyya ne a wata sakandare, ni kuma ina koyar da 'yan aji biyu a firamare. A shekarun saba'in, lokacin farin nan, wani malami Ba'indiye da zai koma ƙasarsu ya bar masa akwatin gilashi da kifaye shida a ciki. Diskas ake ce musu. Kifayen ƙasashen waje ne da ake ajiyewa don kallo, masu faɗi, zagaye kamar ƙaramin faifai. Uku jajaye, uku masu ratsin shuɗi.

Ban taɓa ganin halitta mai tsirfa irin tasu ba. Ruwan rijiyarmu yana da kanwa-kanwa, ba sa rayuwa a cikinsa, sai ruwan sama da Malam ya tara a randuna ya liƙe bakinsu. Wannan kuwa a shekarar da mata ke wuni a bakin rijiya. Na sha habaici har na ƙoshi. Iska ma sai an ba su. Wani direba a Maigatari ya ba shi tsohon tiyub na babbar mota, kullum da safe ya hura shi da famfon keke, iskar ta riƙa tsiyaya cikin ruwan ta siririn tiyo.

Abin da ya ɗauke masa hankali faɗansu ne. Babban ja yakan kori masu shuɗi ya kai su lungu, wani lokaci kuma ka ga jajayen sun yi gungu gefe guda. Malam ya sayi littafi, ya zauna gaban gilashi da agogo yana rubuta wa ya ciji wa, wa ya bi wa. Tambayarsa ɗaya ce: launi ne ke haɗa su faɗa yake kuma raba su gida-gida, ko girma ne da son wuri?

Baffana, dillalin shanu a Maigatari, ya zo wata rana ya leƙa, ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. "Malam, wannan ma sai an rubuta? Ka shiga kara ranar kasuwa. Ja da ja, fari da fari. Dabba ta san irinta."

"Baffa, a kara ai ku kuke ɗaure su haka," in ji Malam. "Ni so nake in ga abin da za su yi in ba wanda ya ɗaure su."

Ni dai a raina bayan Baffa nake.

Ana nan sai takarda ta zo cewa manya za su taso daga Kano ranar wata Litinin, su zaɓi malami ɗaya da za a tura jami'a ƙaro karatu. Malam takardar koyarwa kawai gare shi, abokan takararsa sun fi shi. Abin da yake da shi wanda ba su da shi, akwatin nan ne da littafin wata takwas. Shekara biyar yana jiran dama irin wannan, kuma shekarunsa sun kusa wuce na waɗanda ake turawa.

Ranar Asabar ya tafi Gagarawa Tasha ya tari jirgin ƙasa, don an aiko masa da abincin kifi daga Kano. Ya bar ni da amana, ya ce kada in taɓa komai.

Kwana uku ke nan ƙaramin mai shuɗi bai ci abinci ba. Babban ja ya matse shi a bayan dutse, jikinsa ya yi baƙi-baƙi, wutsiyarsa ta yage. Ina wanke farar babbar rigar da Malam zai sa ranar Litinin, ina leƙawa. In wannan ya mutu kafin baƙi su zo fa? Na jiƙa bula a kwano zan sa wa rigar, sai na ga hannuna a cikin ruwan ya koma shuɗi, zoben azurfata ma haka. Nan dabara ta faɗo mini. In launi ne ke haɗa su, to, in rina ruwan kowa ya zama iri ɗaya mana. Bular da muke sa wa kayan jarirai, wace illa za ta yi?

Na ɗebi rabin kofi na zuba.

Ba a jima ba suka fara tasowa sama suna buɗe baki. Ɗaya ya kwanta a gefe. Na ruga wajen ruwan saman Malam. Na buɗe randa, ashe saura ƙasa da rabi, na kwashe na canja, ruwan bai washe ba. Sai na yi ɓarna ta biyu wadda ta fi ta farko: na juye musu ruwan rijiya, bokiti bayan bokiti, har shuɗin ya ɓace. Na goge gilashi, na goge ƙasa, na shanya riga, na zauna kamar ban san komai ba.

Bayan la'asar ya shigo da ƙunshinsa. Biyu sun riga sun mutu. Ya tsaya gaban akwatin ya daɗe bai ajiye ƙunshin ba.

"Rakiya, wani ya shigo?"

"Ba kowa, Malam."

"Kin ga wani abu?"

"Haka na gan su."

Ya dube ni, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Kafin Lahadi ta wuce wasu biyu suka mutu. Ranar Litinin ina bayan labule na ji wani daga cikin baƙin yana cewa mutumin da ya kasa riƙe kifi shida, yaya zai riƙe ɗakin gwaji? Malam ya ce, "Sakacina ne, ranka ya daɗe." Wani aka tura. Damar ba ta sake zuwa ba. Ya ci gaba da koyarwa, aka kai shi Sule Tankarkar, aka kai shi Gagarawa, aka dawo da shi Gumel, har ya yi ritaya da takardarsa ta farko.

Biyun da suka tsira su ne babban ja da ƙaramin mai shuɗin nan. Suka zauna gefe da gefe kusan shekara biyu ba cizo. Malam yakan tsokani Baffa da su, amma yakan ce kifi biyu ba sa amsa tambaya.

Sama da shekara talatin muka yi bayan nan, ban faɗa ba. Na sha ɗaura niyya. Ranar da aka ba wanda aka tura babban muƙami na kai bakin ƙofar Malam, na tarar yana gyaran takardun yara yana 'yar waƙarsa, na koma. Tsoro ne da fari, daga baya kunya, daga baya kuma na ce ya riga ya manta.

Yau nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Gumel ta yanzu. Ruwa a leda ko'ina, fitila mai aiki da hasken rana, ba sai an hura tiyub ba. Jikata ta nuna mini irin kifayen nan a waya, launi har da wanda ban san sunansa ba, masu kiwonsu suna ta musu a kan tambayarsa ɗin nan. Na san da zai karɓe wayar ya hana kowa. Na kuma san zai ce mata, "Kin gani da idonki, ko gaya miki aka yi?" Wannan tambayar ce gadonsa. Ɗalibansa da suka yi furfura har yau suna maimaita mini ita in sun zo gaisuwa.

Bayan na fita takaba na buɗe akwatin littattafansa. Littafin kifi yana ƙasa. A shafin Asabar ɗin nan ya rubuta: "Bakin tiyo ya rine, tsakuwa ma. Bula ce. Ruwan kuma na rijiya ne, na ɗanɗana. A ɓoye launi a ga ko faɗa zai tsaya: wata takwas ban yi wannan tunanin ba. Rakiya kaɗai ta ga abin da ya faru. Ba zan tambaye ta ba, tsoron da take ciki ya ishe ta. Ranar da ta faɗa mini zan cike nan."

Ƙasan shafin fari ne, ya ja masa layi da rula ya bar shi.

Na yi kuka ranar fiye da na ranar jana'iza. Ina ganin ina ɓoye masa laifina, ashe amsar da yake jira nake hana shi. Shekara goma sha huɗu kuma na kasa taɓa shafin, sai jiya da safe na ɗauki alƙalami na cike.

Malam, ni ce. Faɗa ya tsaya, kamar tsawon tafasar ruwan shayi. Ja da shuɗi suka haɗu wuri guda, ƙaramin ya fito daga bayan dutse. Ban sani ba ko launin ne ya ɓace musu ko azaba ce ta haɗa su. Amma na gani da idona. Allah ya jiƙanka, ka yafe mini jiran da na sa ka.