Ƙafa ta Biyu

Shekara talatin da takwas Eberhard Kuhlmann ya yi yana tsara jadawalin jiragen ƙasa a wani ofishi mai taga ɗaya a Kassel, kuma abin alfaharinsa a duniya guda ne: tun da ya yi wayo jirgi bai taɓa tashi ya bar shi ba. Da ya yi ritaya ya rasa jiragen da zai mulka, sai ya juya kan matarsa Hannelore.

Hutunsu na bana a kudancin Faransa tun watan Janairu ya rubuta shi, ya kai aka lulluɓe takardar da leda. Farkawa, shida da rabi. Burodi da cuku, minti ashirin. Sha'awar teku, rabin awa. A rana ta huɗu ya ba lambun tsirrai awa biyu, tsuntsayen filamingon da ke tafkin lambun kuwa minti goma sha biyu, domin jirgin komawa masauki zai tashi ƙarfe huɗu da minti bakwai.

Sai dai ba wanda ya aika wa tsuntsayen takardar. Suka same su tsaye cikin ruwa, masu launin ruwan hoda, kowanne bisa ƙafa ɗaya, ya cusa kai cikin fiffike yana barci. Eberhard ya karanta allon bayani daga farko har ƙarshe, wanda a wurinsa shi ne kallo, sannan ya duba agogo.

"Lore, mun gani. Tashi."

"Kai ka ga allo," in ji ta, ta gyara zama a benci. "Ni sai wancan ya sauke ɗaya ƙafar."

"Tana nan a naɗe. An rubuta, ƙafa biyu gare su."

"To, ranka ya daɗe sarkin agogo, je ka gaya masa lokacinsa ya cika."

"Jirgi ba ya jiran kowa!"

"Ni da na jira ka shekara arba'in, jirgi ce? Kama hanya. Amma in ka tafi, baɗi da ƙanwata zan yi hutu, kai ka tafi da takardarka."

Mai hankali ya san cewa tsari bawa ne da aka saya don hidimar rayuwa, kuma gidan da bawa ya zama maigida ya lalace. Eberhard bai yi wannan tunanin ba. Lissafi ya yi: minti tara zuwa tasha, saura goma sha ɗaya. Ya taka har bakin ƙofa, ya dawo. Ya tafa hannu ko tsuntsun zai firgita, mai gadi ya harare shi, ya ba da haƙuri, domin ko kusa ba ya son a ce ya karya doka. Daga nan ya tsaya ƙiƙam, ya ƙi zama, kamar zaman ne zai tabbatar da laifin.

Ƙarfe huɗu da minti bakwai ya ji kukan jirgin daga nesa. Ya cire hula.

Sai biyar saura kwata tsuntsun ya ga dama, ya warware ƙafar a hankali, ya tsoma ta a ruwa, ya naɗe ɗayar.

"Ka gani?" in ji Hannelore.

"Biyu ne," ya ce. "Kamar yadda aka rubuta."

Har yau in ana hira yakan ce jirgi bai taɓa barinsa ba, sai sau ɗaya da shi ya bar jirgin.