Kifin da Ke Lasar Gilashi

A shekarun alif ɗari tara da tamanin ina direba a gidan wani Balarabe a Suwaidi, cikin Riyad. Shi ne kafilina, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, fasfona ma yana hannunsa. Da zafi ya tsananta sai ya kwashi iyalinsa suka tafi Ɗa'if, ya bar mana amanar kifayensa na ado a akwatin gilashi, ni Bakatsine da mai lambu, wani Banufe. Tsakaninmu da Nufawa kuwa sai tsokana. In ya gifta akwatin sai ya ce, "Ɗan Katsina, miƙo min mai da kasko."

Kifayen ƙanana ne masu launi, ban da wani mummuna mai ɗigo-ɗigo da kaushin jiki. Bakinsa a ƙasa yake, da shi yake manne wa gilashi yana lasar gansakuka. Yawanci yana laɓe ƙarƙashin guntun icce a ƙasan ruwa, kusa da inda iska ke ɓulɓulowa. Jinina bai taɓa haɗuwa da shi ba.

Sai ƙananan suka fara raguwa, ko gawa ba ma gani. Na tsorata, don korar ma'aikaci ba ta yi wa maigidan nan wuya. Maganar kaskon ta daina ba ni dariya, har tukunyar abokina Banufen na buɗe na shinshina. Na kuma lura cewa da tiyon lambu yake ƙara musu ruwa, ruwan tankin saman bene mai ƙona hannu. Shi ma ya shiga tambayata ko ina kashe na'urar sanyaya ɗakin in zan fita. Kowa ya riƙe zarginsa a ciki.

Wata safiya muka tarar da mummunan kwance kan gawar wani ɗan ja, yana tsotsa. Wallahi har rungumar juna muka yi. Mun kama ɓarawo!

Da maigida ya dawo muka nuna masa. Ya daɗe yana kallon kifin, sannan ya ce, "Wannan miskin ne, ba ya kisa. Abin da ya riga ya mutu yake sharewa." Ya juyo gare mu. "To, wane ne a cikinku?"

Kafin in buɗe baki abokina ya ce, "Ni ke kula da ruwan."

Da maigida ya kore shi, ni na kai shi filin jirgi da kaina. Har yau ban sani ba, laifinsa ya amsa, ko kuwa ya tuna matata na da tsohon ciki a gida.