Ƙofar da na tsare wa Yaya Sanda

Bana shekara hamsin da uku ke nan da rasuwar yayana Sanda. Da damina nake ƙirgawa, kuma ban taɓa ɓatar da ko ɗaya ba. Ya rasu a garinmu Yasore tun ƙasar nan tana ƙarƙashin Sarkin Musulmi, kafin Nasara su shigo Katsina. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubuta mini, don haka masu karatu ku yi haƙuri da maganar tsoho, har da irin wadda ba a yi a gaban mutane.

Har gobe in aka ambaci Sanda a garinmu sai ka ji an ce, Allah ya jiƙan mai kunya. Nakan ce amin, amma wallahi yabon nan ƙuna yake mini, domin ni na san abin da kunyar ta ci.

Da bazara ne, ciyawa ta ƙare, ya hau gawo yana sarar wa shanunmu ganye, reshe ya karye da shi. A kan ƙyaure muka ɗauko shi. Mai ɗori ya zo daga Babban Duhu, ya laluba bayan, ya ce ƙashin baya ne, sai dai addu'a. Daga ƙugu zuwa ƙasa Sanda ba ya jin komai. Amma ba ƙafafun ne suka kashe shi ba, cikinsa ne ya ɗaure. Kwana biyar, kwana shida, babu bayan gida. Muka ba shi jiƙon tsamiya, muka ba shi filasko, muka narka man shanu muka ɗura masa. Duk abin da ya shiga sai ya zauna. Ciki ya kumbura ya yi tauri kamar tulu, in ya kurɓi kunu sai ya dawo.

Matarsa Hansatu, da tsohon ciki a lokacin, ta aika wa uwarta. Inna Tabawa ungozoma ce a Zakka, kuma ita kaɗai muka sani da ta iya wankin ciki ta ƙasa. Tana da wani ɗan duma mai dogon wuya, an huda shi gaba da baya, an goge bakin ya yi sumul. Takan cika shi da ruwan ɗumi da ɗan sabulun salo, ta shafe bakin da man shanu, ta zura ta dubura a hankali, ta hura. Ta yi wa jarirai, ta yi wa tsofaffi. Akwai wani gurgu a Zakka da ta riƙe da wannan duma shekara da shekaru. Da ƙafa ta taso, tsohuwa da ita, ta iso da hantsi da duman ƙunshe a zane.

To, ga inda gizo yake saƙar. Shekara bakwai Sanda yana auren ɗiyarta, bai taɓa shan ruwa a gabanta ba, bai taɓa faɗin sunanta ba. In ya hango ta a hanya sai ya tuɓe takalmi ya ratse cikin gona. Da ya ji muryarta tana sallama, sai ya kama hannuna ya ce, "Audu, in kai ɗan'uwana ne, kada ka bari ta shigo. Gara ta gan ni a rufe da ta gan ni a buɗe."

Ina da shekara ashirin da biyar, ina jin kaina namiji. Na je na tsaya a ƙofar zaure. Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, sannan na ƙi matsawa. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni na haifi matarsa, shi ma ɗana ne. Ba ni hanya." Ban ba ta ba. Ta ce za ta ɗaure idonta da ɗankwali, hannu ne ke aikin. Na ce ya hana. Daga ƙarshe ta miƙo mini duman, ta ce to in zauna ta koya mini, ni in yi masa. Nan ne laifina yake, ba zan ɓoye ba. Na ce ni in buɗe tsiraicin yayana? Kunya ce na faɗa da baki, amma da ƙyama a ciki. Ko liman ba mu tambaya ba. Sai a zaman makoki yake gaya mana larura ta halatta abin da ya fi wannan.

Kwana uku Inna Tabawa ta yi a gidan maƙwabta. Kullum da safe sai ta ɗumama ruwa ta aiko a tambaye ni, kullum ruwan ya huce. Rana ta huɗu Sanda ya cika, yana amai, bai san wanda ke kansa ba. Ni na yi masa wanka. Abin da na ƙi gani yana da rai, duk na gani yana gawa. Tsohuwar ba ta zage ni ba. Ta ajiye duman a gabana ta kama hanyar Zakka, kuma har ta koma ga Allah ba ta ƙara yi mini magana ba.

Ban ce da ya tashi ya taka ba, kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma da wataƙila ya ga ɗansa, wanda aka haifa bayan arba'in ɗinsa.

Abin da ya tono mini wannan miki, watan jiya jikansa, shi ma Sanda, takwaransa, ya faɗo daga motar gyaɗa ya karya baya. Aka kai shi asibitin birni, na lallaɓa na bi su. Ciki ya ɗaure, kamar dai na kakansa. Sai ga malamin asibiti da wata roba mai laushi, da mazurari, da ruwan ɗumi da sabulu. Na ce ikon Allah, ai wannan duman Inna Tabawa ne ya canza riga. Yaron ya ja mayafi ya juya wa bango, ya ce, "Kaka, don Allah ka ce ya fita." Na matsa kusa da shi. Na ce masa ai na taɓa tsare wannan ƙofa sau ɗaya, kuma na ga abin da ke bayanta. Ni da kaina na yaye mayafin na riƙe kafaɗunsa, yana kuka ina kuka. Kafin azahar cikin ya sauka. Sun ce haka za a riƙa yi masa muddin ransa, na ce su koya wa ubansa, in ya ƙi su koya mini.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan zamani, baƙon da bai san sunanka ba yana yi maka abin da ka hana surukarka. Na san shi, da ya sunkuyar da kai ya ce duniya ta lalace. Ba zan yi masa musu a kan komai ba sai wannan.

Shanunsa sun ƙare, gawon ma an sare shi. Abin da ya rage sunansa, da ladabin da zuriyarsa ta gada, da duman nan da ke rataye a ɗakina, ya tsage. Kunya ado ce, ban musa ba, Sanda kuwa ya tafi da nasa adon cikakke. Ni aka bar wa nadamar. Shi ya sa in aka ce Allah ya jiƙan mai kunya, nakan ce amin, in ƙara da Allah ya jiƙan Tabawa. Sannan a zuci in roƙi gafara ga wanda ya tsare ƙofa.