Man da ya rage a tanki

Shekarar da mai ya yi tsada, maigidana ya koyi taɓa kafireto, inda mai ke haɗuwa da iska a injin mashin. Masinja ne a wani ofishin gwamnati, kullum daga Kinkinau zuwa Mando a kan ɗan mashin ɗinsa. Wani abokin aikinsa, Allah ya isa tsakanina da shi, ya nuna masa ɗan sukurun da ake matsewa mashin ya rage shan mai. Shi ke nan, sukundireba ta samu wurin zama a aljihunsa.

Mashin ya rage sha, ba ƙarya. Amma ya kama tari. Idan an tsaya sai ya mutu, idan an murɗa totur da sauri sai ya shaƙe, ya yi jim, sannan ya fizga. Ina bayansa nake jin wannan jim ɗin.

"Malam, wallahi abin nan zai kashe mu," na ce.

"Ke dai ba ki san darajar mai ba."

Da masifa na ja shi wurin tsohon bakaniken unguwarmu. Ya kwance fulogi, ga shi fari fat. Ya laluba robar da ke kawo iska daga iyakilina, wato matacin iska, ashe ita ma ta tsage.

"Malam, mashin ɗinka yunwa yake ji," in ji shi. "Iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Wata rana zai ƙi ka a inda kake buƙatarsa."

Ya sauya robar, ya sassauta sukurun, mashin ya zauna lafiya lau. Ko sati ba a yi ba na leƙo tsakar gida na tarar da mutumina a tsugune yana matsewa. Na yi faɗa har maƙwabta suka ji, ya yi mini dariya.

Wata safiya ya zo tsallaka babban titi a Mando, tirela na tahowa. Waɗanda suka gani sun ce da sauran tazara, zai wuce. Ya murɗa, mashin ya yi jim ɗin nan. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Bayan sadakar bakwai bakaniken ya turo mashin ɗin har ƙofar gida. Gabansa ne kawai ya lotse. Ya sassauta sukurun kaɗan, ya buga kiki, ya tashi ras, ba tari. Har yau ina jin haushin wannan ƙarar.

"Kashe shi, Baba," na ce.

Ya kashe, ya buɗe tanki ya leƙa, ya ɗan girgiza shi. Man yana nan, ya fi rabi.