Baba Amusan, Wanda Ya Jira Jama'arsa

Ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Maris na shekarar 1946, da hantsi, Allah ya yi wa Baba Joshuwa Amusan rasuwa a ɗakinsa da ke bayan kasuwar Yendi, bayan jinya ta 'yan makonni. Mutumin Ogbomosho ne, mai sayar da atamfa da duwatsun wuya, kuma shi ya fara tara Kiristoci 'yan Baftis na garin nan wuri ɗaya domin sujada. Ni Iddi tela, ƙanen marigayi Zibrim, ina gefensa, ni na rufe masa ido. Na ga ya kamata in rubuta wannan, domin waɗanda suka san shi tun farko sun kusa ƙarewa. Waɗanda suka zo daga baya kuwa, abin da suka sani kawai shi ne wani tsoho mai zama kusa da ƙofar majami'a, wanda ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasar zumuntar ikilisiya, tare da mu.

Baba, a Salaga muka fara saninka, lokacin da kasuwar goro ta riga ta yi sanyi, gidajen fatake suna rushewa babu mai gyara. Kakanninmu daga Kano suka zo, mu kuwa a Zongo aka haife mu. Yayana Zibrim yana kora maka jakai, ni ina ɗinka wa masu sayen atamfarka. Ba ka taɓa jan mu zuwa addininka ba. Mu ne muka riƙa leƙe, muna jin waƙa daga zaurenka ranar Lahadi, har muka shiga. Da gidanmu suka gane, aka fitar mana da tabarminmu waje. Ka karɓe mu, amma ban ga murna a fuskarka ba ko kaɗan. Kowace Jumma'a sai ka ƙulle goro a ganye, ka ce mu kai wa mahaifiyarmu, ko za ta karɓa ko ba za ta karɓa ba. An daɗe ana maido da goron nan kafin wata rana a riƙe shi.

Da ka kwashe kaya ka koma Yendi, muka bi ka, don ba mu da wani wurin zuwa. A nan ka tara 'yan'uwanka Yarabawa 'yan kasuwa, kuka kafa ikilisiya. Da Yarabanci ake sujada, sai ka zauna tsakanina da Zibrim kana raɗa mana ma'ana da Hausarka ta kasuwa, wadda idan ta ƙare maka sai ka cike da hannu. Mun yi maka dariya a ɓoye, amma a bakinka muka ji Littafi, a wurinka kuma na koyi karatun da nake rubuta wannan da shi.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yadda ake tafiyar da ikilisiyar. Mu mun tashi a inda sarki ke magana a yi shiru, malam ya yi magana a ce to. A nan kuwa babu wani babba a nesa da ke aiko da umarni. Fasto ma sai jefi-jefi yake zuwa daga kudu. Duk abin da ya taso, bayan sujada ake zama, kowa ya faɗi nasa, sannan a ɗaga hannu. Duk wanda aka yi wa baftisma yana da hannu, mace ko namiji, mai rumfa ko mai talla. Ba na manta maganar rufin majami'a. Kai kana son kwano, mata suka ce ciyawa ta fi sanyi, kuma ita ce daidai ƙarfinmu. Ka yi bayani har muryarka ta dushe, aka ɗaga hannu, suka kayar da kai. Washegari kai ne na farko a daji da lauje, kana yanka kana gunaguni.

Haka ma abin da za a gaskata, tare ake zama a kansa da Littafi a buɗe. Kai ka koya musu cewa ba a yi wa jariri baftisma, domin ba wanda zai ba da gaskiya a madadin wani. Mutum zai tsaya gaban jama'a ya faɗi bangaskiyarsa da bakinsa, jama'a su ji su yarda, sannan a kai shi kogi a nutsar da shi gaba ɗaya. Kana yawan nanata cewa ruwa ba ya ceton kowa, shaida ce kawai, amma shaidar tana da hanyarta, kuma ba a sauya ta. Sun riƙe wannan koyarwa da kyau, Baba. Sun riƙe ta fiye da yadda ka zata.

A ranin 1934 tari ya kwantar da Zibrim. Ni da shi ba a yi mana baftisma ba tukuna, muna jiran ruwa ya dawo kogin Daka, fasto kuma ya zo. Jikinsa ya ƙare har ba a iya ɗaga shi daga tabarma. Yawancin 'yan ikilisiya sun tafi fatauci. Wata rana da azahar ya riƙe gefen rigarka yana roƙo a yi masa baftisma kafin ya tafi. Ka gaya masa bangaskiyarsa ta isa, ka sake gaya masa. Ya ce ya bar gidan ubansa saboda wannan hanya, ba ya so ya mutu a bakin ƙofa. Matarsa Fulera tana kuka, ni ina tsaye ban san abin yi ba. Daga ƙarshe ka ɗauki ƙwarya ka ɗebo ruwa a randa, ka tambaye shi abin da ya gaskata, ya faɗa, ka zuba masa a ka.

Ya ce, "Baba, an yi?"

Ka ce, "An yi, Zibrim."

Kafin rana ta faɗi ya cika, hankalinsa a kwance.

Ba wanda ya kai ƙararka. Da jama'a suka dawo, kai da kanka ka miƙe bayan sujada ka faɗi abin da ka yi. Dikin Ajala, ɗaya daga cikin masu hidimar ikilisiya, wanda kai ka koya wa jagorar addu'a, shi ya yi magana a madadin masu ganin laifi, kuma ba da ƙeta ya yi ba, hawaye na gani a idonsa. Ya ce laifi biyu ne: ka yanke abin da jama'a ce kaɗai ke yankewa, kuma ka kira zubi baftisma alhali kai ka koya musu ba haka ba ne. Ya ce idan aka ƙyale domin kai ne, gobe ba su da bakin hana wani. Aka ɗaga hannu. Aka sauke ka daga shugabanci, aka hana ka jibin Ubangiji, sai ranar da ka tsaya ka ce abin da ka yi wa Zibrim ba komai ba ne. Ni da Fulera muna zaune muna kallo, ba mu da hannu a lokacin.

Laifin farko ka amsa shi nan take. Ka ce nutsarwa ita ce hanya, ba za ka taɓa koyar da wata ba. Amma ka ce mutum ya tambaye ka a bakin mutuwa ka ba shi amsa, ba za ka janye ta bayan ya tafi ba. Suka ce rabin tuba ne wannan. Ka ce suna da iko su ga haka, ka ɗauki hularka ka koma kusa da ƙofa ka zauna.

Shekara goma sha biyu ke nan, Baba. Kai ne mai share majami'a, kai ne mai buga ƙarfen kiran sujada, ba ka fasa ko Lahadi ɗaya ba. Ranar da aka nutsar da ni a Daka, kana bakin gaɓa riƙe da rigata, kana waƙa fiye da kowa. Ranar da na fara cin jibin Ubangiji, aka wuce da faranti ta gabanka ba a tsaya ba. Na ci gurasar nan ina kallonka. Da muka fito na ce zan daina ci har sai an maido ka, ka yi mini faɗan da ban taɓa ji daga bakinka ba. Ka ce hukuncinka naka ne, kada in sa baki a abin da ba a ɗora mini ba.

Matarka Mama ta rasu, ka binne ta a nan. Ɗanka Timoti da 'yarka Abigel suka koma Bawku inda kasuwa ta fi tafiya, suka yi ta roƙo ka bi su. Har 'yan Baftis na Bawku suka aiko dattijo musamman. Ya ce kowace ikilisiya da ikon kanta, hukuncin Yendi bai ɗaure Bawku ba, su sun zauna sun ɗaga hannu, sun yarda ka zo ka ci tare da su. Na yi murna, har na fara tunanin yadda za mu ɗaure kaya. Ka yi masa godiya, ka ciyar da shi, ka raka shi tashar mota, ka ce masa, "A Yendi aka ɗaure ni, a Yendi za a kwance ni." Ran nan na yi fushi da kai ƙwarai, na kwana biyu ban leƙa rumfarka ba. Kai ma da taurin kai, Baba, Allah ya sani. Da na huce na dawo, na tarar kana cin tuwo kai kaɗai, ka tura mini kwanon.

Daga nan gidan ya zama ni da kai. Fulera takan kawo miya da yamma ta tafi. Abokanka na farko wasu sun mutu, wasu sun koma Ogbomosho. Sababbin zuwa suna gaishe ka da ladabi, amma ba su san kai ne ka haƙa harsashin ɗakin da suke sujada a ciki ba, kai kuma ba ka gaya musu. Sau da yawa nakan ɗago kai daga keken ɗinki in gan ka zaune a rumfa kana kallon hanyar Bawku, sai in sunkuyar da kai kada ka san na gani.

Da ciwo ya kwantar da kai a bana, Dikin Ajala ya zo, shi ma ya tsufa, yana dogara sanda. Ya sake tambayarka, ka sake ba shi amsar da ka ba shi tun farko, ba ƙari ba ragi. Sannan ya ce shi ma ya zauna a gefen masu mutuwa tun daga wancan lokaci, ya ji irin roƙon da suke yi. Ya ce koyarwa tana nan yadda take, amma zai tambayi jama'a ko abin da ka amsa ya isa a maido ka. Ranar Lahadi ya sanar cewa Lahadi mai zuwa za a zauna a kan maganarka.

Zuwa Talata na ga numfashinka ya sauya. Na ruga wurin Dikin, na ce a tara waɗanda ke gari gobe, a yi abin nan a gama, a kawo jibin ɗakinka. Ya yarda. Na dawo da gudu in yi maka albishir, sai ka girgiza kai. Ka tambaye ni wane da wane suna gari? Na ce sun tafi Bolga da Bawku sayen kaya, sai Asabar. Dukansu suna cikin waɗanda suka ɗaga hannu a kanka a wancan zama.

Ka ce, "Hannun da ya fitar da ni, shi zai maido ni. Kada ku yi taro a bayan mutane saboda ni. Na yi sau ɗaya, ya isa."

Na roƙe ka, na yi kuka, na ce ba za ka kai Lahadi ba. Ka ce ka sani. Ka kai Alhamis. Muka binne ka ranar Jumma'a kusa da Mama, kafin 'ya'yanka su iso.

Ranar Lahadi majami'a ta cika, matafiya duk sun dawo. Bayan sujada wasu suka ce ai magana ta wuce, mai ita yana gaban Ubangiji. Dikin Ajala ya ce an riga an sanar, dole a ji ta. Ya faɗi abin da ka amsa da abin da ka ƙi janyewa, bai ɓoye komai ba, sannan ya tambaya ko an yarda a maido ka cikin zumunta. Hannuwa suka tashi, na tsofaffi da na sababbi, har da nawa da na Fulera. Ban ga wanda ya bar nasa a ƙasa ba.

Al'adarmu ce idan an maido mutum, ya tsaya a gaba, kowa ya bi layi ya ba shi hannun dama. Sabo ya sa jama'a suka miƙe ba tare da tunani ba, suka jeru, Dikin Ajala a kan gaba. Ya taka har gaban teburi da hannunsa a miƙe, sannan ya tsaya. Duk muka tsaya a bayansa. An daɗe a haka, ba wanda ya san yadda zai koma ya zauna.

Baba, yanzu ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka biyo ka daga Salaga, kuma ban san wa zan yi wa fushi in dawo in tarar yana jirana ba. Ka koya mana cewa wanda ya tafi cikin bangaskiya ba ya bukatar roƙon na baya, amma bakina bakin Zongo ne, ka yi haƙuri da ni: Allah ya jiƙanka, Allah ya yi maka rahama, ya sa ka huta a wurin Almasihu da ka bauta wa. Allah ya haɗa ka da Mama da Zibrim cikin salama.

Ina miƙa ta'aziyya ga Timoti da Abigel da jikoki a Bawku, da dangi na Ogbomosho waɗanda labari zai daɗe kafin ya same su, da Fulera, da Dikin Ajala wanda har yau bai iya cin abinci sosai ba, da dukan ikilisiyar Yendi. Ubangiji ya ba mu haƙurin rashinsa, ya ta'azantar da zukatanmu, ya sa mu cika da kyau idan tamu ta zo. Amin.