Sunan da Tobashina Ya Laƙaba Mini a Tasha

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da abin da ɗan kawuna ya yi mini ba, lokacin da nake jan mota tsakanin Gusau da Tsafe.

A rediyon mota na ji wani likita yana cewa kowane namiji ya riƙa lalubar 'ya'yan marainansa bayan wanka da ruwan ɗumi, ɗaya bayan ɗaya, ya ji ko akwai ƙululu ko kumburi. Na gwada. A na dama sai na ji wani abu mai tauri kamar ƙwayar wake, kuma ba ya ciwo. Hankalina ya tashi. Na ja ɗan kawun nan gefe na faɗa masa, tunda tare muka tashi a Bungudu, kuma tasharmu ɗaya.

Washegari ina shigowa tasha ya ɗaga murya, "Ku ba mai gwaiwa hanya, shina ɗauke da kaya!" Direbobi da 'yan kamasho suka kwashe da dariya. Kafin la'asar har mai shayi da sunan yake kirana. Da na tare shi, cewa ya yi, "Haba, wasa na hwa. In ban yi maka ba, wa za ni yi ma?" Wai tobashi ne, ba a fushi da shi. To ni na yi, kuma har yau ban huce ba.

Na daure na je asibiti a Gusau. Ashe ba gwaiwa ba ce, ciwon daji ne, Allah Ya sa bai yaɗu ba. Aka cire ɗayan, na warke, har na samu haihuwa bayan nan.

Daga baya wani abokin aikinmu, magidanci ɗan Kwatarkwashi, ya fara ramewa, ya daina fitowa. Na je gaishe shi, na tarar da shi kwance, ƙasusuwa duk a waje. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ranar da anka yi maka dariya, ni ma ina da irin naka. Na so in bi ka asibiti, amma da nig ga yadda anka maishe ka, sai niy yi shiru." Bai ga daminar shekarar ba, ya rasu. A wurin ta'aziyya ina jin tobashin nawa yana cewa kwana ne ya ƙare, sai na tashi na bar wurin don kada in yi abin kunya.

Na yarda kwana na Allah ne. Amma tun ranar na san cewa in namiji ya cire kunya ya faɗi abin da ya taɓo a jikinsa, raka shi asibiti ake yi. Duk wanda ya yi masa dariya, bai san bakin mutum nawa ya rufe ba.