Shagunan Baba a Gwallaga

Ƙamshin masa ne ya tashe ni ranar walimar saukata. Mata sun cika tsakar gidanmu na Ƙofar Wambai, ana ta zuba ƙullu a tanda, ni kuwa kunnena na kan ƙofar zaure. Baba ya ce zai zo.

Baba matuƙin jirgin sama ne. A shekarun nan aikinsa na ci sosai, kowa a dangi ya san haka, amma wanda bai sani ba ba zai gane a jikinsa ba. Daga filin jirgi motar haya yake shiga, ya sauka a bakin titi ya hau keke mai ƙafa uku, jakarsa a kan cinya. Goggo, yayarsa, ba ta taɓa ƙyale shi ba.

"Kaftin guda a keke, kamar mai tallan atamfa. Kai ko kunya ba ka ji?"

"Yaya, jirgin ai ba nawa ba ne," in ji shi, yana cire takalmi. "Aron sa ake ba ni."

Abin da ya samu ba ya kwana a hannunsa. Albashi na shigowa zai sa a buga bulo, a sayi rodi da kwano, a jibge a filinsa na Gwallaga inda yake gina jerin shaguna. Ɗan'uwa in ya zo da buƙata, buhun masara yake ba shi ko ya biya masa asibiti da kansa. Idan ya sami hutu, a wurin magina yake wuni. Nakan kai masa abinci, in zauna a kan bulo ina kallonsa yana ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa. Wani lokaci jirgi ya gifta can sama, ni kaɗai nake ɗaga kai.

Ba mu rasa komai ba, ni da Mama, sai shi. Ɗakinsa a share yake kullum, rigunansa a goge. Nakan shiga in zauna kawai.

Da aka sa ranar sauka, sai ta faɗo a lokacin jigilar alhazai, wadda a nan matuƙa ke samun abin da ba sa samu a sauran watanni. Na gaya masa a waya, murya ƙasa-ƙasa.

"Uwata, zan nemi wani ya riƙe min aikin in zo," ya ce. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka yake kirana haka. "Ki dai gyara karatunki, kar ki ba ni kunya a gaban malam."

Na gyara. Kullum da yamma ina bitar ayoyin da zan karanta, ina ayyana inda zai zauna.

A filin makaranta an jera wa iyaye maza kujeru a gaba. A al'adar makarantarmu, yarinya in ta gama karatu mahaifinta ne ke tasowa ya karɓi allon daga hannun malam ya miƙa mata. Na ƙirga sahun da ido, na sake. Kawu ne a kujerar Baba, da babbar rigarsa mai shuɗi. Da aka kira ni na karanta ban yi tuntuɓe ba, sai dai muryar kamar ta wata nake ji. Kawu ya taso ya miƙo min allon, ya ce Allah ya sa albarka. Na ce amin.

Bayan la'asar Baba ya kira daga Jidda. Hayaniyar mutane na tashi a bayansa.

"An ce kin burge kowa."

"Haka aka ce."

"Uwata, ki yi haƙuri. Saura rufin shaguna biyu."

Na miƙa wa Mama wayar, na koma cikin ƙawayena na raba musu masa.

Bayan 'yan watanni ya dawo gida gaba ɗaya. Hayar shagunan nan ce ta riƙe mu, ita ta kai ni jami'a. Yana gida kullum yanzu, amma mun saba da rashin juna, hirarmu ba ta wuce gaisuwa da tambayar karatu. Maganar sauka ba mu taɓa tayar da ita ba.

Sai ina shekarar ƙarshe a jami'a Mama ta faɗa min, muna tsintar shinkafa. Tun kafin a sa ranar walimar, likitan da ke duba matuƙa ya shaida masa cewa jin kunnensa na raguwa, da wuya ya tsallake gwaji na gaba. Ya tafi jigilar nan yana sane ita ce ta ƙarshe.